Ɗinki, aure da riƙon yaro: dole ne sai an ajiye ɗaya?

Tambaya: "Ina da gidan zane da ɗinkin kayan mata, yawanci na amare da na biki, da 'yan ma'aikata a ƙarƙashina. Mun daɗe da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, yanzu mun fara cike takardun ɗaukar yaro riƙo ta hannun hukuma. Maigidana ya ce duk abin da na yanke ya yi masa. Wasu na cewa in rufe shago in zauna a gida, wasu na cewa in ɗauki mai raino in ci gaba da harkata. Sana'ar nan da gumina na gina ta, yaron kuma ina so har raina. Ana iya haɗa ukun nan, ko yaudarar kaina nake yi?"

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Ana haɗa su, na kuma ga matan da suka haɗa. Sai dai ban taɓa ganin wadda ta haɗa su alhali shagonta na tafiya yadda yake tafiya kafin zuwan yaron ba. Masu cewa ki rufe sun yi gaggawa. Masu cewa ki ɗauki mai raino ki wuce kuwa ba su san halin yaron riƙo ba. Abin da ke gabanki wasu watanni ne, daga shida zuwa shekara guda, da yaron zai buƙaci ganinki kullum kuma kusan koyaushe. Aikinki daga yau shi ne ki gyara sana'arki da zamanki da maigida yadda za su iya ba ki waɗannan watannin ba tare da sun rushe ba. Na daɗe a ɗakin yanka da ɗinki kafin in koma zama da iyalan da suka ɗauki riƙo, don haka kowane ɓangare na san ƙurarsa.

Bari in fara da yaron, tunda a cikinku shi ne ba shi da bakin magana.

Yaron riƙo, ko da jariri ne, ya riga ya rabu da wani kafin ya iso hannunki. In kuma ya zauna a gidan marayu, to ya saba da hannuwa barkatai: wadda ta ba shi madara da safe daban, wadda ta yi masa wanka daban, wadda ta kwana da shi daban, gobe kuma a canza su duka. Tun a 1951 likitan ƙwaƙwalwar yara ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da suka rasa gidajensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya nuna cewa ci da sha da tsafta ba su isar wa ƙaramin yaro, sai ya samu mutum tsayayye da yake komawa gare shi idan ya tsorata. Daga baya wani bincike da aka fara a Bukarest ta ƙasar Romaniya a shekarar 2000 ya gwada maganar a aikace. An bi yara 136 da ke gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, aka ci gaba da duba su duka shekara da shekaru. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi waɗanda suka rage a gidan marayu a shaƙuwa da kaifin tunani, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu. Binciken likitan ƙwaƙwalwar yara Michael Rutter a kan yaran Romaniya da iyalan Ingila suka ɗauka shi ma ya nuna cewa waɗanda suka bar gidan marayu kafin wata shida sun taso kusan kamar kowane yaro. Gidajen marayun Romaniya na wancan zamani sun yi muni fiye da kima, kada ki ɗauka naki yaron zai zo da irin wannan rauni. Darasin da ke ciki dai ya tsaya: yaro yana warkewa, kuma abin da ke warkar da shi shi ne fuska ɗaya ko biyu da ba sa canzawa.

Ga yadda abin yake bayyana a shago irin naki, don na sha gani. Uwa ta kawo 'yar riƙonta mai shekara biyu wurin aiki sati na biyu da zuwanta. Kwastoma ta shigo gwajin riga, yarinya ta sheƙa da gudu ta miƙa mata hannu, ta haye cinyarta tana wasa da sarƙarta. Wata ta shigo, ta sauka ta koma wajenta. Kowa na dariya ana cewa, "Kai, yarinyar nan ba ta da ƙiwuya, ta kowa ce." Uwar ma sai ta ji daɗi, ta ɗauka yarinya ta saki jiki. Mai ido kuwa ya san akasin haka ne. Yarinyar ba ta riga ta gane cewa akwai mutum ɗaya a ɗakin da ta fi sauran ba. Ranar da baƙuwa za ta miƙo hannu, ita kuma ta maƙale a bayan zanenki tana leƙe, ranar ce za ki san aiki ya fara kamawa. Ƙiwuyar da mutane ke kushewa ita muke jira. Ba ta zuwa kuwa sai in ke ce mai ba da abinci, ke ce mai wanka, ke ce wadda take gani idan ta farka tsakar dare, ke ko maigida, wata da watanni. Shi ya sa nake hana a miƙa waɗannan ukun ga mai raino a farkon zuwa. Mai taimako ta yi wanki, ta yi shara, ta yi cefane, ta sauke miki duk nauyin da za ta iya. Amma ciyarwa da wanka da lallashi naku ne ku biyu.

To sai mu juyo kan sana'ar, wadda ita ce ta fi ba da wuya, saboda zanen kaya ba kamar sauran kasuwanci ba ne a abubuwa biyu. Na farko, ranar biki ba ta matsawa. Amarya ba za ta ɗaga aurenta don yaronki ya kwana da zazzaɓi ba. Na biyu, kwastoma hannunki ta zo saya. Idan ta shigo gwaji ta tarar da wata, ko da ta fi ki iya riƙe almakashi, sai ta ji an rage mata wani abu. Kuma gwaji yawanci da yamma yake faɗowa ko ƙarshen mako, daidai lokacin da yaro ya fi neman uwa.

Manyan gidajen ɗinki na duniya ma wannan ce damuwarsu. Makon baje kolin kaya na New York da Landan da Milan da Faris sau biyu yake zagayowa a shekara, wajen Fabrairu da wajen Satumba, kuma kayan da ake nunawa na wata shida ne masu zuwa, ga na tsaka-tsaki da aka ƙara. Raf Simons, namiji ne ma ba mai goyo ba, ya bar gidan Dior a 2015 bayan shekara uku yana fitar da jerin kaya shida a shekara. Phoebe Philo ta ajiye shugabancin zane a Chloé a 2006, tana tsakiyar tashe, don ta zauna da iyalinta. Da Céline suka neme ta a 2008, sai da aka kafa mata ɗakin aiki a Landan inda 'ya'yanta suke, duk da cewa gidan na Faris ne. Wanda ya fi burge ni shi ne Azzedine Alaïa, ɗan Tunisiya da ya yi suna a Faris. Ya daina bin kalandar kowa, yana nuna kayansa lokacin da ya ga sun kammalu, masu saye kuma suka riƙa jiransa har ya rasu a 2017. Abin lura a nan shi ne babu ɗayansu da sunansa ya mutu don ya ja baya ko ya rage gudu. Mai kaya masu kyau ana jiransa fiye da yadda yake tsoro.

Ke kuwa kalandar taki ce, kin fi su 'yanci a nan. Ki samu takarda ki rubuta duk abin da ke bi ta hannunki a mako guda: zane, awo, fitar da fatin (tsarin rigar a kan kwali), yanka, zaɓen yadi, gwajin farko, gwajin ƙarshe, karɓar kuɗi, biyan ma'aikata, amsa waya, ɗaukar hoto da sakawa a Instagram. Sannan ki tambayi kanki da gaskiya wanne ne in ba ke ba babu mai yi. Yawanci biyu ne ke saura, zane da gwajin ƙarshe. Sauran duk sabo ne ya ɗora miki su, ko rashin yarda da mutane.

Inda mata suka fi maƙalewa shi ne yanka. Mai zane da yawa ba ta taɓa bari wani ya sa almakashi a yadin kwastoma ba, kuma ina fahimtarta, don ɗinkin da ya karkace ana warware shi, yankan da ya karkace kuwa sai dai a sayi wani yadin. Amma muddin ke kaɗai ke yanka, shagon ba zai yi kwana uku ba ke. Ki ɗauki wadda ta fi nutsuwa cikin ma'aikatanki tun yanzu, ki fara ba ta shafi da yadi mai araha, ki tsaya a kanta. Abin da ke cikin kanki ki sauke shi a kan kwali: fatin kowane samfuri da alamominsa, yawan rarar da kike bari a kafaɗa da ƙugu da hammata, inda kike ɓoye zif, faɗin kalmasa. Littafin awo ya zama kowa na iya karanta shi, a daina rubutun da ke kaɗai ke ganewa. Sannan duk gwajin da za ki yi daga yau, ki sa ta tsaya kusa da ke, ki kira sunanta a gaban kwastoma, ki bar ta ta kafa fil ɗin, ki tambayi ra'ayinta da ƙarfi yadda za a ji. Kwastomar da ta ga kin yarda da ita sau uku ba za ta ɓata rai ba ranar da ta tarar da ita ita kaɗai.

Akwai kuma wani abu da riƙo ya bambanta da haihuwa wanda masu kasuwanci ba sa lissafawa. Mai ciki tana da wata tara da ranar da ake tsammani, tana iya cewa daga wata kaza ba na karɓar oda. Ke ba ki da wannan. Takardu na iya shekara suna yawo, sannan wata rana a kira ki a ce an samu yaro, ku fara zuwa ganinsa mako mai zuwa. Don haka daga ranar da hukuma ta amince da ku, ki daina cika littafin oda maƙil. Ki rage yawan kayan amaren da kike karɓa, ki ƙara musu kuɗi, don wanda ke son hannunki zai biya. Giɓin da ya rage ki cike shi da kayan da aka ɗinka aka ajiye a kan awo na gama-gari, waɗanda ba su da ranar biki a wuyansu kuma ma'aikata na iya fitar da su ba ke. Duk odar da ranarta ta yi nisa, ki gaya wa mai ita tun farko cewa wataƙila mataimakiyarki ce za ta yi mata gwaji. Ba sai kin faɗi dalili ba. Wadda ba ta yarda ba ki sallame ta da fara'a, ya fi ki karɓi kuɗinta ki zo kina ba da haƙuri ana saura kwana uku biki.

Maganar kuɗi gajeriya ce amma kada ki tsallake ta. A Birtaniya ma'aikacin da ya ɗauki yaro yana da hutu har mako 52 a doka. A Amurka dokar 1993 ta ba da mako 12 ba albashi ga waɗanda suka cika sharuɗɗanta. Duka biyun na mai aiki a ƙarƙashin wani ne. Mai cin gashin kanta yawanci ita ke rubuta wa kanta hutu kuma ita ke biyansa. Ki tara abin da zai riƙe haya da albashi na wata shida a asusu daban. Kuma ki tuna kuɗin kafin alƙalami da kwastoma ta bayar ba naki ba ne sai kaya sun fita, kada ki lissafa shi cikin ajiyar.

Yanzu ga maganar da ta fi tsaya mini a wasiƙarki, wato ta maigida. "Duk abin da kika yanke ya yi mini" magana ce mai daɗin ji, amma ni ba na karɓarta a matsayin amincewa. Tana iya zama yarda ta gaskiya daga mutum mai kawaici. Tana iya zama tausayi, ya ga kin sha wuya ba ya so ya ƙara miki. Tana kuma iya zama janye jiki, yadda gobe idan abu ya yi tsami zai ce ai ke kika so. Ba za ki san wacce ba ce sai kin zaunar da shi, ba a gajiye ba, ba kuma a gaban kowa ba. Rashin haihuwa rashi ne da ba a yi masa zaman makoki, kuma maza sun fi mata haɗiye shi. Wani mijin bai gama sallama da ɗan cikinsa da yake mafarki ba, sai ga shi ana miƙa masa wani. Irin wannan ba mugu ba ne, lokaci yake buƙata, kuma gara ya ɗauki lokacin kafin yaro ya shigo gida.

Ki tambaye shi abubuwan da ba a amsa su da "to". Idan yaro ya farka ƙarfe biyun dare kuma ina da gwajin amarya da safe, wa zai tashi? Wace rana ce a mako take taka, tun daga karin safe har kwanciya? Idan wani a danginka ya yi wa yaron nan gori, kai za ka tare ko ni? Idan Allah ya ba mu haihuwa daga baya, mene ne matsayinsa? Masaniyar zamantakewa Arlie Hochschild ta nuna tun 1989 cewa a gidajen da mata da miji duk ke fita aiki, matar kan dawo ta kama wani aikin na biyu a gida, kuma da yawa cikin ma'auratan na rantsuwa cewa raba aikin suke yi. Ba ƙarya suke yi da gangan ba, ba a taɓa zama an ambaci ayyukan ɗaya bayan ɗaya ba ne. "Zan taimaka" ba ta da ranar biya. Ki nemi a kira kowane aiki da sunansa, a kuma kira mai shi.

Za a kawo miki labarin Vera Wang, don duk mai ɗinkin amare ta san sunan, kuma labarinta ya yi kama da naki. Ta yi shekaru a mujallar Vogue, ta yi aiki a gidan ɗinki na Ralph Lauren, ta yi aure a 1989 tana dab da cika shekara 40, ta buɗe shagon kayan amare a otal ɗin Carlyle na New York a 1990, ita da mijinta kuma suka ɗauki 'ya'ya mata biyu riƙo a daidai shekarun da kamfanin ke tasowa. Masu ƙarfafa miki gwiwa za su tsaya a nan. Masu tsorata ki za su ƙara da cewa ai sun rabu da mijin a 2012. Kada ki ɗauki ko ɗaya a matsayin hujja. Da jarin mahaifinta attajiri ta buɗe shagon, kuma mai irin wannan gata tana iya sayen hannuwan da ke sai kin horar da su da kanki. Auren da ya shekara ashirin da ɗoriya kuwa babu na waje da ya isa ya ce ga abin da ya raba shi. Mujallu kan nuna mace da rigunanta da 'ya'yanta a hoto ɗaya, ba sa nuna mutum goman da ke bayan kyamara.

Sai doka da addini, waɗanda ya kamata ku san inda kuka tsaya a kansu kafin ku sa hannu. Tsari biyu ne suka fi shahara a duniya. A ɗaya, kotu na yanke alaƙar yaro da iyayensa na asali ta mayar da shi ɗanku ta kowace fuska, har suna da gado. A ɗayan, wanda shari'ar Musulunci ta sani da kafala, kuna ɗaukar nauyinsa da tarbiyyarsa gaba ɗaya amma nasabarsa na nan yadda take. Aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab, waɗanda suka shafi Zaidu ɗan Harisa, sun yi umarni a kira yara da sunan iyayensu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci tsarin biyu a sashe na 20, don haka kowanne sananne ne. Idan kafala kuke bi, yaron ba ya gado kai tsaye. Ana yi masa kyauta tun da rai, ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Wannan ya shafe ki kai tsaye a matsayin mai kamfani: in kina so ya samu rabo a abin da kika gina, lauya da malami za ki gani tun yanzu a rubuta, kada ki bar shi ga alherin magada. Batun muharramaka kuma, shayarwa kafin yaro ya cika shekara biyu tana tabbatar da ita, mazhabobi sun saɓa a kan adadin, kuma likita na iya taimaka wa macen da ba ta haihu ba ta samu nono. In jariri za a ba ku, ki yi wannan tambayar da wuri don abin na buƙatar shiri. Idan kuwa daga wata ƙasa yaron zai fito, Yarjejeniyar Hague ta 1993 ce ke tsara hanya tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta.

Kin yi daidai da kika bi ta hukuma, ki daure da jinkirinta. Duk wanda ya zo miki da cewa zai samo miki jariri cikin sati biyu ba takarda, a ba shi kaza, ki guje shi. Sau da yawa akwai uwar da aka yaudara ko aka tilasta a ƙarshen wannan hanyar, ke kuma mai suna ce a kasuwa, kin fi kowa abin asara.

Tunda an ambaci suna, ga wata jarrabawa da masu sana'arki kaɗai ke fuskanta. Yaro kyakkyawa a cikin gida, ga keken ɗinki, ga shafin Instagram mai mabiya. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi. Ɗinka masa ba laifi, ai gidan Lanvin na Faris ma daga nan ya bunƙasa: Jeanne Lanvin mai hula ce, rigunan da take ɗinka wa 'yarta ne suka ja hankalin matan da ke zuwa sayen hula, har yau tambarin gidan hoton uwa da 'ya ne. Abin da nake hanawa shi ne a haɗa hoton da labarin: inda aka tsince shi, halin da uwarsa ta shiga, yadda kuka cece shi. Irin wannan rubutu yana jawo tafi da oda, amma labarin nasa ne, kuma intanet ba ta mantuwa. Yana da shekara goma sha uku abokansa za su nemo shi.

Shi kansa kuwa ki gaya masa gaskiya tun bai san ma'anarta ba, da kalmomi masu sauƙi, ki riƙa ƙarawa yana girma. Binciken masanin halayyar yara David Brodzinsky ya nuna cewa ƙananan yara kan maimaita labarin ba tare da sun gane shi ba, sai wajen shekara shida zuwa takwas suke fahimtar cewa samun waɗannan iyayen na nufin an rasa wasu. A lokacin tambayoyi ke tsananta, wani yaron ya yi shiru, wani ya yi ta fushi ba dalili. Ki sa ran wannan zangon, don shi ma zai nemi ki sake rage aiki na ɗan lokaci. Ɓoyewa kuwa a wurinki ba ma za ta yiwu ba. Ɗakin ɗinki ɗakin hira ne, baki na aiki hannu na aiki, ma'aikatanki sun san ba ki yi ciki ba, kwastomominki ma sun sani. In bai ji daga bakinki ba, zai ji daga bakin mai guga ranar da ransa ya ɓaci. Ki tara ma'aikata kafin ya zo ki gaya musu abin da ake faɗa da abin da ba a faɗa, kuma bayanin iyayensa na asali kada ya wuce ke da maigida.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: uwar riƙo ma tana iya shiga ƙunci bayan zuwan yaro, irin wanda masu jego ke shiga. Kin shekara kina jira, ga shi ya zo, amma ba ki ji son nan da aka ce yana sauka nan take ba, ga rashin barci, ga kewar ƙarar keke da ƙanshin sabon yadi. Sai kunya ta hana ki faɗa, tunda ke kika nema. Wannan sananne ne, kuma so yakan biyo bayan hidima a hankali. In ƙuncin ya wuce mako biyu yana hana ki ci ko barci, ki ga likita. Kada kuma ki yanke zane gaba ɗaya ko a watan farko. Awa ɗaya da fensir da takarda lokacin da yake barcin rana tana riƙe mace irinki fiye da yadda ake zato.

Komawa aiki a yi ta da tsani. Bayan wata uku ko huɗu, in yana neman ki idan ya faɗi, yana kuka idan kin fita amma yana lallasuwa a hannun maigida, yana murna idan kin dawo, sai ki fara fita awa biyu zuwa uku, a lokaci guda kullum, kina sallama da shi ido da ido. Kada ki sulale yana wasa, don yaron da aka taɓa bari ya fi kowa tsoron ɓacewar mutane. In barcinsa ya rikice ko ya koma bin kowa, ki ja baya mako biyu ki sake gwadawa. Idan za ki riƙa zuwa da shi shago daga baya, a ware masa ɗaki ko lungu mai ƙofa, don ƙasan ɗakin ɗinki cike yake da fil da duwatsun ado da maɓallai, ga dutsen guga da wayarsa a rataye. Madeleine Vionnet, wadda gidan ɗinkinta na Faris ya kai ma'aikata sama da dubu kafin ta rufe shi a 1939, ta tanadar musu wurin raino da hutun haihuwa da likita. Ba lallai ki kai can ba, amma ɗaki ɗaya da mai kula ɗaya zai amfane ki ya amfani masu goyon da ke miki aiki, ya kuma sa su daɗe tare da ke.

Kafin duk wannan akwai gwajin da nake so ki yi cikin wata biyu masu zuwa, tun takardu na hanya. Ki bar shagon na mako biyu cur. Kada ki leƙa, ki ba mataimakiyarki wayar shago, a kira ki sau ɗaya a rana a lokacin da kika sa. A cikin makonnin nan maigida ya karɓi ranakun da ya ce nasa ne, ya dawo gida a lokacin da ya yi alkawari, ko da babu yaron tukuna. Da kin koma ki duba abu uku: kayan da suka fita a kan lokaci, waɗanda aka dawo da su gyara, da tambayoyin da aka yi ta kiranki a kansu. Kowace tambaya tana nuna miki wani abu da har yanzu yake cikin kanki bai sauka a takarda ba. Ki rubuta shi, ki koyar, ki sake gwadawa bayan wata guda. In an yi sau biyu shago na tsayawa da ƙafarsa, maigida kuma na cika nasa, to ku ci gaba da takardunku da ƙwarin gwiwa. In kuwa abin ya watse, ki gaya wa jami'ar da ke kula da fayil ɗinku cewa kuna neman ƙarin wata uku ko shida kafin a haɗa ku da yaro. Neman jinkiri a wannan mataki abu ne da suka saba ji, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman sa bayan an riga an nuna muku fuskar yaron.